Maigida Ɗan Katolika a Karkarar Kudancin Jigawa da Yadda Ake Tunawa da Shi

Wurno da ake nufi a nan ba ita ce ta ƙasar Sakkwato ba, inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, maƙwabciyar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa wadda aka cire daga Kano a 1991. Musulmi ne mafi rinjaye a wannan yanki, kuma da kiran salla ake auna lokutan yini. Kiristoci 'yan tsiraru ne, wasunsu baƙi da aikin asibiti ko koyarwa ko fatauci ya kawo Birnin Kudu, wasu kuwa 'yan ƙasa ne, zuriyar Maguzawa da Warjawa, irin waɗanda ake samu har ƙasashen Sumaila da Ningi. 'Yan Katolika a cikinsu suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano, wato yankin da bishop guda yake shugabanta, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa. An ware shi daga Kaduna a 1991, ya zama cikakken dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, ɗan ƙasar Ailan, sannan Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008.

Faɗin wannan ƙasa da ƙarancin limamai su ne suka tsara rayuwar ɗan Katolika na ƙauye. Fada, wato limamin da aka naɗa, shi kaɗai ke da ikon yin Misa, babbar ibadar da ake keɓe gurasa da ruwan inabi a cikinta, amma Fada guda yakan riƙe ƙananan majami'u da yawa a warwatse, don haka makonni kan wuce bai leƙo wani ƙauyen ba, musamman da damina in hanya ta lalace. A tsakanin zuwansa, katekis ne, wato malamin da ke koyar da tushen addini, yake jagorantar addu'ar Lahadi. A sauran kwana shida kuwa al'amarin yana hannun maigida. Saboda haka in dattijo ya rasu aka ce ya riƙe addini, ba yawan zuwa coci kaɗai ake nufi ba, ana nufin gidansa bai taɓa kwana babu addu'a ba.

Wannan matsayi yana da tushe da ya girmi zuwan mishan. Joseph Greenberg, masanin Amurka da ya zauna cikin Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma wallafa bincikensa a 1946, ya nuna cewa shugaban gida ne ke yi wa iskokin da ya gada yanka a madadin iyalinsa. Da irin waɗannan gidaje suka karɓi baftisma, yankan ya tsaya, amma wanda ke tsayawa gaban iyali bai sauya ba. Bayan tuwon dare yakan sa a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauko rosari, carbin Katolika mai gida biyar, kowane gida da ƙwaya goma, ya ja rabin addu'ar iyali su amsa rabin, ƙananan jikoki kuma barci ya kwashe su tun ba a kai gida na uku ba. Da Hausa ake yin komai. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, sannan Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin Misa da harsunan jama'a maimakon Latin, ta yadda dattijon da bai shiga aji ba ya haddace addu'o'insa da ka, ya koya wa 'ya'yansa kamar yadda ya koya musu riƙon fartanya.

Abin da ya fi tsada a wannan riƙo shi ne aure. Cocin Katolika ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba, ba ta kuma yarda da saki bayan an ɗaura aure a gabanta, alhali noman gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke aiki a gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, ya dogara ne ga yawan hannuwa. Mutumin da ya tsaya ga mace ɗaya ya rage wa kansa ma'aikata da gangan, in kuma haihuwa ta yi jinkiri ko 'ya'ya mata suka yi yawa, sai ya sha matsin dangi da zolayar tsara shekara da shekaru. Ya ƙara da sa yara a boko, wanda ya janye su daga gona a lokacin da aka fi buƙatarsu, ya kuma jawo sayar da gyaɗa da awaki don kuɗin makaranta. Masu yabon irin wannan dattijo sukan gaggauta zuwa ga malamai da ma'aikatan jinya da ya haifa, su tsallake shekarun da rumbunsa ke ƙarewa kafin sabon gero ya nuna, alhali a nan ne nauyin abin yake. Daga irin gidajen nan, a ƙasar Malumfashi, Gerald Mamman Musa ya fito, wanda ya zama bishop na farko na Dayosis ɗin Katsina a 2023.

Maƙwabta Musulmi kuwa da wani ma'auni suke auna irin wannan dattijo, wanda Anthony Kirk-Greene ya yi nazari a kai a 1974, wato na mutumin kirki: gaskiya, amana, haƙuri, kunya da karamci. Suna duba ko ya fito gayya, ko ya biya bashi a kan lokaci, ko ya ci iyakar gona, ko ya aiko da abincin Kirsimeti kamar yadda ake kai masa naman layya. Ranar da ya rasu sukan zo zaman makoki su ce "yaya haƙuri", su ƙara da "Allah ya ba da haƙurin rashi", gaisuwar da ke sauke hakkin maƙwabtaka ba tare da ta shiga hurumin aƙida ba. Ba kowane lokaci zaman ke tafiya sumul ba, domin samun filin coci ko na maƙabarta, da batun auren da ya ratsa addinai biyu, sukan jawo taƙaddama, kuma sau da yawa mutuncin dattijo guda a wurin mai unguwa ne ke kashe wutar.

A ɓangaren coci, in an samu Fada kafin rai ya fita, yakan shafa wa majinyaci man da aka keɓe ya ba shi tarayya ta ƙarshe, wato gurasar da aka keɓe a Misa. In ba a samu ba, katekis ne ke jagorantar jana'iza, a kafa gicciye a kan kabari, a yi Misar daga baya. 'Yan Zumuntar Mata Katolika, cikin zanensu iri ɗaya, su ke ɗaukar nauyin waƙa da girki. Katolika sun yi imani cewa addu'ar masu rai tana amfanar mamaci, shi ya sa iyali kan ba da sunansa a yi masa Misa duk shekara, kuma ranar 2 ga Nuwamba aka keɓe don dukan matattu. Watan ya faɗo daidai lokacin kaka, don haka a ƙauye baikon da ake kaiwa coci yakan zama damin dawa ko kwanon wake daga gonar da shi marigayin ya share.

Rubutaccen tarihinsa bai fi katin baftisma da na aure ba, waɗanda akan tarar a ƙasan akwati an naɗe su cikin leda. Sauran yana bakin jikoki, waɗanda al'ada ta ba su damar wasa da kaka, har ranar makoki sukan kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa mutane su yi dariya. Jikan da aka haifa bayan rasuwarsa akan sa masa sunansa, Bulus ko Bitrus ko Yohanna, sai 'ya'ya da surukai su riƙa kiran yaron Baba don kunyar ambaton sunan. Gandu kuwa ba kasafai yake daɗewa bayan uba ba: akan raba gonaki, waɗanda ke aiki a Kano ko Kaduna su bar nasu kason a hannun ɗan'uwan da ya zauna, su riƙa zuwa da Kirsimeti da Ista. Jan addu'ar dare yakan koma hannun matar marigayin, har sai babban ɗa ya karɓa ko gidan ya rabu.