Jinyar Damuwar Yara ta Hanyar Wasa: Asali, Tsari da Matsalolin Aiwatarwa

1. Gabatarwa

Babban mutum in abu ya dame shi yakan faɗa da baki. Ƙaramin yaro kuwa bai mallaki kalmomin da za su ɗauki nauyin tsoro ko baƙin ciki ba, saboda haka damuwarsa takan ɓullo ta wasu kafofi: fitsarin kwance bayan ya daina, firgita cikin barci, yawan faɗa, ko shirun da ba a san shi da shi ba. A cikin wannan maƙala za mu duba dabarar da ake ce ma thérapie par le jeu da Faransanci, wato jinya ta hanyar wasa, mu ga inda ta samo asali, yadda ake gudanar da ita, da abin da ya kamata a lura da shi kafin a yi aiki da ita a Nijar.

2. Asali

A 1920 Sigmund Freud ya bayyana wasan jikansa ɗan wata 18, wanda kan jefar da ƙwaryar zare ya kuma jawo ta in mahaifiyarsa ta fita. A ganinsa, yaron yana maimaita rabuwar ne domin ya sami iko a kanta. Melanie Klein ta faɗaɗa wannan ra'ayi cikin littafinta na 1932, inda ta ɗauki wasa a madadin maganar babba, tana fassara ma yaro ma'anarsa. Anna Freud ta ƙi yarda da gaggawar fassara, ta fifita gina amana tukuna. A Landan, a 1929, Margaret Lowenfeld ta shigo da faranti mai rairayi da ƙananan siffofi, yaro ya gina duniyarsa a ciki. Babban sauyi ya zo daga Amurka a 1947, lokacin da Virginia Axline, ɗalibar Carl Rogers, ta shimfiɗa ƙa'idoji 8 waɗanda suka sa yaro gaba, mai jinya na biye.

3. Yadda ake zama

Bisa tsarin Axline, akan haɗu yawanci sau ɗaya a mako, ƙasa da awa guda, a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya, domin rashin sauyin ne ke kwantar ma yaro da hankali. Akan ajiye ƴan tsana masu wakiltar iyali, dabbobi, laka, rairayi da kayan zane. Mai jinya ba ya tambaya, ba ya yabo, ba ya tsawatawa. Aikinsa shi ne ya mayar ma yaro abin da ya gani. In yaro ya binne ƴar tsana cikin rairayi, sai ya ce: ka ɓoye ta inda ba wanda zai same ta. Iyaka kaɗan ce: kada yaro ya ji ma kansa ko wani ciwo, kada ya fasa kaya da gangan. An yarda da fushin, an hana cutarwar.

4. Abin da bincike ya nuna

A 2005 Sue Bratton da abokan aikinta sun tattara sakamakon bincike 93, suka sami cewa yaran da aka yi ma wannan jinya sun fi waɗanda ba a yi ma ba samun sauƙi, kuma amfanin ya fi yawa in an horar da iyaye su yi zaman da kansu, hanyar da Bernard da Louise Guerney suka ɓullo da ita a 1964. Sai dai da yawa daga cikin binciken an yi su ne kan yara ƙalilan, kuma mafi yawansu a Amurka.

5. Matsalolin aiwatarwa

Bukatar a fili take. Tun hare-haren 2015 a jihar Difa, da kwararowar ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi daga 2019, yara da dama sun ga abin da bakinsu ba ya iya faɗa. Amma akwai abu uku. Na farko, tarbiyyarmu ta kunya tana sa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, don haka shirunsa ba koyaushe alamar ciwo ba ne. Na biyu, kayan wasan Turai ba sa magana da harshen yaron karkara kamar dokin kara, motar kara ko shanun laka. Na uku, tsarin Guerney ya dogara ga uwa da uba, alhali kuwa akwai kunya tsakanin iyaye da ɗan fari. A nan kaka, wadda al'ada ta ba izinin wasa da jika, tana iya fin uwa dacewa.

6. Kammalawa

Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya tabbatar ma yaro haƙƙin wasa. Amma filin wasa dabam, jinya dabam: ita tana bukatar horarren ma'aikaci da mai duba aikinsa. Muna ba ɗalibanmu shawara su fara da rubuta wasannin yara kamar yadda ake yin su a gida, su gano wa ke wasa da wa, kafin a ɗora wata dabara a kai.