Jifar Ƙwallon Kwando a Matsayin Hanyar Koyar da Lissafin Kwadiratik

Gabatarwa

Daga cikin darussan aljabra, babu wanda ya fi ɗaure wa ɗaliban sakandare kai kamar lissafin kwadiratik, wato daidaiton da adadin da ake nema ya ninka kansa a cikinsa. Ɗalibi kan haddace ƙa'ida ya fitar da amsa biyu, amma in aka tambaye shi dalilin zamansu biyu, sai ya yi zuru. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda jifar ƙwallon kwando ke warware wannan ƙulli, muddin an fara bayyana ta da harshen da ɗalibi ya sani.

Tushen al'amari

James Naismith ne ya ƙago wasan a garin Springfield na Amurka a 1891, kuma tsawon kwandon daga ƙasa ƙafa 10 ne, wato mita 3.05. Tun a 1638 Galileo ya nuna cewa abin da aka jefa sama yakan bi tafarki mai lanƙwasa kamar baka, wanda ake kira farabola, idan aka kawar da kai daga turjiyar iska. Dalili kuwa shi ne ƙasa na jawo shi, tana rage saurin hawansa da kimanin mita 10 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa.

Misali a aji

A ɗauka ɗan wasa ya saki ƙwallo daga tsawon mita 2, tana hawa da saurin mita 6 a daƙiƙa, kwando kuma a ƙaddara shi mita 3 domin sauƙin aiki. Tsawon ƙwallon bayan daƙiƙa t shi ne 2 + 6t − 5t². Tambayar ita ce: yaushe za ta yi daidai da bakin kwando? Wannan ya ba da 5t² + 1 = 6t, kuma amsoshinsa su ne t = 0.2 da t = 1.

A nan ne fa'idar misalin take. Ƙwallo takan ratsa tsawon kwando sau biyu: da farko tana hawa, sannan tana gangarowa. Amsar farko gaskiya ce a lissafi, amma ba ta ci, domin ƙwallo ba ta shiga kwando daga ƙasa. Ta biyu ce ci. Tsakiyar amsoshin, wato 0.6, ita ce lokacin da ta kai ƙololuwa, mita 3.8. In kuwa aka rage saurin zuwa mita 4, ƙwallon za ta tsaya a mita 2.8, ba ta kai kwando ba, lissafin ma ba zai ba da amsa ta zahiri ba. Ɗalibi ya ga rashin amsa da idonsa ke nan.

Matsayin harshe

Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, bai yi amfani da alamomi ba, da zallar kalmomi ya yi aiki. Abin da ake nema ya kira shi jizr, wato saiwa. Ninkinsa da kansa māl, wato dukiya. Sauran kuma adadi. Daidaiton da ke sama yana cikin nau'in da ya kira dukiya da adadi sun yi daidai da saiwoyi, kuma ya lura cewa wannan nau'i na iya samun amsa biyu. Ke nan bayanin aljabra da baki ya riga alamominta zuwa duniya. Hausa, wadda ta ari lissafi da adadi da murabba'i daga Larabci, ba ta rasa kayan wannan aiki ba.

Kammalawa

Saboda haka ya kamata malami ya jinkirta rubuta ƙa'ida a allo. Ya fara sa ɗalibai su faɗi tafiyar ƙwallo da Hausa: ta tashi, ta wuce baki, ta kai ƙololuwa, ta gangaro. Kowace gaɓa tana da takwararta a lissafi, kuma ɗalibin da ya iya jera gaɓoɓin da bakinsa ba zai ƙara mamakin amsa biyu ba.