Takardar Haɗin Mota: Yadda Sharar Masana'anta Ta Koma Kadara

A watan Janairun 2014, an sayar da wata mota ƙirar Corvette ta shekarar 1967 a kan dala miliyan 3.85 a wani gwanjo da kamfanin Barrett-Jackson ya gudanar a Scottsdale ta jihar Arizona a Amurka. Motar tana ɗauke da injin da kamfanin Chevrolet ya sa wa lamba L88, wanda guda 20 kacal aka ƙera da shi a wannan shekara. A ido, kusan ba ta da bambanci da dubban 'yan uwanta da aka haɗa tare da ita. Abin da ke raba irinta da saura a kasuwa shi ne shaidar cewa tun daga masana'anta ta fito da wannan injin, kuma babbar shaidar da masu saye suke nema ita ce takardar haɗi.

Takardar haɗi ita ce jerin umarnin da masana'anta take bugawa don kowace mota guda. Idan mai saye ya je wurin dillali ya zaɓi launin fenti, girman inji, irin giya, kujeru, rediyo da na'urar sanyaya iska, dillali yakan tura odar zuwa kamfani, inda ake mayar da kowane zaɓi zuwa gajeriyar lamba. A ranar haɗa motar, sai a buga waɗannan lambobi a takarda, a rarraba kofe ga sassan layin haɗi, domin mai ɗinkin kujera da mai ɗora inji da mai ɗaura tayoyi kowa ya san abin da zai ɗauko. A kamfanin General Motors lambobin zaɓi masu haruffa uku ne, kamar Z28 da L88 da M22, wasunsu ma har sun zama sunayen da aka san motocin da su.

Ya kamata a bambanta wannan takarda da ta farashi da ake mannawa a gilashin sabuwar mota. Ta gilashin doka ce ta wajabta ta a Amurka tun 1958, bisa ƙudurin Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma, kuma don mai saye ake yin ta. Takardar haɗi kuwa don ma'aikata aka yi ta, kuma a ƙa'ida amfaninta yana ƙarewa da zarar mota ta bar layi.

Inda ake tsintar ta

Da yake shara ce a wurin kamfani, ba a yi tanadin ba da ita ga kowa ba. Sai dai ma'aikatan shekarun 1960 da 1970 sukan cusa ta a duk inda hannunsu ya kai maimakon su nemi kwandon shara. Wannan ne ya sa masu gyaran tsofaffin motoci suke tsintar ta a cikin sifirin na kujerar baya, ko ƙarƙashin kafet, ko bayan dashbod, ko cikin murfin ƙofa. A motocin Corvette, tun daga 1967 an riƙa manna kofe guda a saman tankin mai, ta yadda sai an sauke tankin kafin a gan ta, galibi bayan danshi da ƙura sun cinye wani sashe nata.

Har ila yau, tsintar takarda a cikin mota ba ya nufin tata ce. Da yake ana haɗa kujeru a wani sashe dabam, akan sami takardar wata mota a cikin kujerar maƙwabciyarta a layi. Don haka masana sukan fara da gwada lambar shasi da ke kan takardar da wadda ke jikin motar kafin su ce komai.

Dalilin tsadarta

Darajar takardar ta samo asali ne daga giɓin da ke cikin tsofaffin lambobin shasi. Kafin 1972, lambar shasin motocin Chevrolet ba ta fayyace ainihin injin da aka sa ba, iyaka ta nuna ko mai silinda shida ne ko takwas. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu sayen mota ta gama-gari su ɗora mata babban inji, su manna tambari, su kai ta kasuwa da sunan mai tsada. A shekarar 1969 an ƙera Camaro mai injin ZL1 guda 69 kawai, ta wata hanyar oda ta musamman da aka tanada tun farko don motocin hukumomi da na kamfanoni, kuma guda 50 daga cikinsu dillali ɗaya ne, Fred Gibb na jihar Illinois, ya yi odarsu. Inda adadi ya yi ƙanƙanta haka, kuɗi kuma ya yi yawa, jabu ba ya nisa.

Haka lamarin yake a ɓangaren Chrysler. A watan Yunin 2014, kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai rufin da ake naɗewa a kan dala miliyan 3.5 a birnin Seattle. Irinta da aka ƙera a wannan shekara ba su wuce goma sha biyu ba. Mai niyyar biyan irin wannan kuɗi ba zai yarda da cinikin biri a sama ba.

Masu ajiyar bayanai

Sa'ar mai mota ta danganta ne ga yadda kamfanin da ya ƙera ta ya kula da kundinsa. Kamfanin Ford ya adana bayanan odar motocinsa tun daga 1967, ya kuma ba kamfanin Marti Auto Works na Arizona lasisin sayar da rahoto daga cikinsu, wanda ke nuna ranar haɗi, dillalin da ya karɓa, da yawan motocin da aka yi da irin zaɓin. Bayanan Pontiac tun daga 1961 sun tsira, kuma kamfanin Pontiac Historic Services ne yake ba da kofensu. Gidan adana tarihin Corvette da aka buɗe a 1994 a Bowling Green ta jihar Kentaki yana sayar da kofen takardar haɗi na motocin da aka haɗa a masana'antar garin tun 1981. Chevrolet kuwa ba ta da irin wannan kundi na motocin da ta sayar a Amurka a shekarun 1960, sai dai reshen General Motors na Kanada ya adana na waɗanda aka haɗa ko aka sayar a can. Saboda haka ne takardar da aka tsinta a cikin kujerar Chevrolet take da nauyin da ya fi na sauran.

A Turai al'adar ajiya ta fi ƙarfi. Mercedes-Benz tana riƙe da katin bayani na kowace mota, mai ɗauke da lambar inji, ta giya, ta fenti da ta kayan ƙari. A Ingila, gidauniyar adana tarihin masana'antar motoci da ke Gaydon tana ba da takardar shaida daga tsofaffin littattafan Austin, Morris, MG da Triumph. A Italiya kuwa, Ferrari ta buɗe sashen Classiche a 2006, wanda ba ya tsayawa ga takarda, sai ya binciki motar kanta kafin ya tabbatar da ita.

Daga nan ne wata sana'a ta taso. Akwai masu tara takardun haɗi don su kaɗai, da ƙungiyoyin masu mota da ke haɗa rajistar lambobi domin gano adadin da aka ƙera na kowane iri, da kuma masu fassara lambobin a kan lada. Akwai kuma masu buga ta jabu, su rina takarda ta yi kama da tsohuwa. Hanyar kama su ita ce gwada salon bugun haruffa da na masana'antar da ake iƙirari, da duba ko ranakun da ke jikin inji da giya sun riga ranar haɗa motar kamar yadda ya kamata.

Abin da ya shafi ɗan kasuwarmu

Galibin motocin da ke shigowa Nijeriya ta tashoshin Apapa da Tin Can, ko ta Kwatano, na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo a kudu, a arewa kuma Beljiyam, kuma kaso mai yawa daga Amurka suke fitowa. Ba motocin tarihi ba ne, amma matsalar iri ɗaya ce. Samfuri guda yakan fito a mataki uku ko huɗu, tsakanin na ƙasa da na sama kuma akwai tazarar kuɗi mai yawa. Sauya tambarin baya, ko ɗinka fata a kan kujerar yadi, ko sa wasu ƙafafun, aikin yini guda ne a gareji.

An yi sa'a, binciken ya fi sauƙi a yanzu. Tun 1981 lambar shasin motocin da ake sayarwa a Amurka ta koma mai gurbi 17, babu haruffan I da O da Q a cikinta, gurbi na goma kuma yana nuna shekarar samfuri. Da wannan lamba wakilan kamfanoni da dama suna iya fito da jerin kayan da mota ta baro masana'anta da su. Motocin General Motors sun daɗe suna zuwa da tambarin lambobin zaɓi a cikin akwatin dashbod ko a but, kafin a mayar da shi alamar da ake karantawa da waya a jikin ginshiƙin ƙofa daga samfurin 2018. Hukumar Kwastan ta Nijeriya ma ta fito da tsarin ƙiyasta harajin mota ta lambar shasi a 2022, abin da ya jawo yajin aikin dillalan fito a Legas kafin a yi wa tsarin gyara.

Amfanin bai tsaya ga ciniki ba. Mai sayar da kayan gyara da ya san lambar inji da ta giya ba zai yi odar abin da ba zai hau ba, mai fenti kuma zai haɗa launi daidai da na asali.

Ga wanda ya yi odar sabuwar mota ta musamman, ko kamfanin sufuri da ke sayen motoci da yawa, lokacin neman takardar shi ne ranar karɓar mota. Ya dace a roƙi wakilin kamfani ya buga jerin zaɓin da aka haɗa motar da su, a gwada shi da takardar oda tun kafin a sa hannu, sannan a adana shi tare da takardar gilashi, rasidi da takardun kwastan, a wurin da rana da danshi ba su kaiwa, a kuma ɗauki hotonsu. Tsohuwar takarda kada a rufe ta da leda mai zafi, domin hakan yana lalata ta, yana kuma hana masana tantance ta. Idan lokacin sayarwa ya zo, mai takarda ne zai faɗi farashi, wanda ba shi da ita kuwa sai ya saurari tayin mai saye.