Gidan Tarihin Da Aka Keɓe Wa Zanen Barkwanci

Idan aka ce gidan tarihi, abin da kan faɗo wa mai karatu a rai shi ne takubba da sulke da tsofaffin tukwane. To, a Burasel, babban birnin ƙasar Beljiyam, akwai wani gida sukutum da aka keɓe wa zane-zanen nan masu ba da labari, waɗanda akan jera hoto bayan hoto, magana tana fitowa daga bakin mutanen ciki.

Shi kansa ginin da can kantin sarin yadi ne, wanda shahararren mai tsara gine-gine Victor Horta ya zana, aka gama shi a 1906. Bayan da ciniki ya mutu sai aka bar shi yana lalacewa, har gwamnati ta saye shi a 1984. An buɗe shi ga jama'a cikin watan Oktoba na 1989.

Mai karatu na iya cewa, mene ne abin adanawa a wasan yara? Haka masu ɗab'i da yawa suka ɗauka a da, shi ya sa zanen hannu na asali masu yawa suka salwanta bayan an buga su. Amma a 2021 an yi gwanjon zane ɗaya tak na Hergé a birnin Faris, ya tashi a kan fiye da Yuro miliyan 3.

Shi wannan Hergé shi ne ya ƙago Tintin, yaro ɗan jarida mai farin kare, a 1929. Yana da nasa gidan tarihin daban a garin Louvain-la-Neuve tun 2009. Sai dai mu 'yan Afirka muna da magana da shi. A labarin tafiyar Tintin zuwa Kwango, wanda ya fara fitowa a 1930 lokacin da Beljiyam ke mulkin ƙasar, an zana baƙar fata da manyan leɓuna, malalata, masu hankalin yara. A bugun farko har Tintin yana koya wa 'yan makaranta cewa Beljiyam ce ƙasarsu. Da aka sake zana littafin a 1946 sai aka mai da darasin na lissafi, amma leɓunan suna nan.

A ganinmu ɓoye irin wannan littafi ba shi ne magani ba, gara a ajiye shi a fili tare da bayani, don jikoki su ga irin kallon da aka yi mana. Wani ɗan Kwango ya kai ƙara yana neman a hana sayar da shi, kotun Burasel ta ƙi a 2012. Sai a 2023 aka fito da wani bugu na Faransanci ɗauke da gabatarwa mai bayanin zamanin da aka zana shi.