Littattafan Da Suka Kamata Ɗan Kasuwar Jimeta Ya Sani

A 'yan shekarun nan, abubuwan da suka fi girgiza jarin 'yan kasuwar Jimeta da Yola duk daga wajen shagunansu suka taso. Kogin Binuwai ya yi mummunar ambaliya a 2012 da 2022. Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, sai a Disamba na 2020 aka soma buɗe su. A 2023 kuwa aka yi fama da ƙarancin takardun naira, aka janye tallafin man fetur, sannan aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. Wanda iliminsa ya tsaya ga sanin farashin buhu, irin waɗannan al'amura sukan faɗo masa ne ba shiri. Alhali kuwa yawancinsu sun taɓa faruwa a da, kuma masana sun rubuta yadda suka faru. Saboda haka ga wasu littattafai daga fannoni daban-daban waɗanda za su amfani mai neman kare dukiyarsa.

Ya kamata a fara da tarihin wurin da ake cinikin. Littafin Farfesa Sa'ad Abubakar mai suna The Lamibe of Fombina, wanda ya fito a 1977, ya bayyana yadda Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, da yadda mulkinta ya miƙa har Garwa da Ngaundare kafin Ingila da Jamus su raba ƙasar, mafi yawanta ya faɗa cikin Kamaru. Wanda ya karanta shi zai gane cewa cinikin Jimeta da Garwa ya girmi iyakar da ke tsakaninsu, shi ya sa rufe iyaka yakan tsadar da kaya ya kuma ƙara fasa-ƙwauri, amma ba ya kashe hulɗar. Littafin A. H. M. Kirk-Greene, Adamawa Past and Present, na 1958, ya ƙara haske kan zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina, abin da ya raya Jimeta a matsayin tasha. Darasin a fili yake: gari yakan bunƙasa da hanyar sufurinsa, idan hanyar ta sauya kuma ciniki ya bi ta. Haka nan Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a 1851, ya rubuta a littafin tafiye-tafiyensa cewa da ƙyallayen saƙi ake saye da sayarwa a kasuwannin Adamawa, wato su ne kuɗi a lokacin.

Wannan ya kawo mu ga batun kuɗi. Duk mai ciniki da mutanen Kamaru yana hulɗa da sefa, amma kaɗan ne suka san abin da ke riƙe da darajarta. Tun 1999 an ɗaure ta da kuɗin yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, hatsi da sauran kayan Nijeriya sukan yi wa mai sefa araha, su kwarara waje. A watan Janairu na 1994 akasin haka ya faru, sa'ad da aka zabge rabin darajar sefa dare ɗaya. Littafin Fanny Pigeaud da Ndongo Samba Sylla, Africa's Last Colonial Currency, wanda ya fito da Ingilishi a 2021, ya zayyana wannan tsari. Marubutan masu adawa ne da shi, saboda haka a karanta da lura, a ɗauki bayanin, a auna ra'ayin.

Fanni na uku shi ne amana da bashi. A littafin Caravans of Kola na 1980, Paul Lovejoy ya bi sawun fataken Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari zuwa Gwanja, ya nuna yadda madugu da fatoma da dillali suka riƙe cinikin goro na nesa ba tare da banki ba. Abner Cohen kuma, a Custom and Politics in Urban Africa na 1969, ya yi nazarin Hausawan Sabon Ibadan, inda maigida ke tsaya wa mahauci ya ɗauki shanu bashi, idan mahaucin ya gaza shi ya biya baƙonsa. Masu loda shanu daga Ngurore da Mubi zuwa Kudu za su ga kansu a cikin wannan littafi, za su kuma ga cewa ba kirkin mutane kaɗai ke riƙe amana ba, har da sanin da kowa ya yi cewa wanda ya ci ta ba zai sake samun kaya ba.

Game da gane dama idan ta zo, da wuya a sami wanda ya kai littafin Jan Hogendorn, Nigerian Groundnut Exports, na 1978. Sa'ad da dogo ya isa Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za a noma musu. Manoma suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, tsofaffin fataken goro kuma suka juya jarinsu gare ta. Daga cikin irin waɗannan mutane Alhassan Ɗantata ya fito. Tom Forrest ya ɗora daga nan a littafinsa The Advance of African Capital na 1994, inda ya bibiyi manyan gidajen kasuwanci na Kano da Legas da ƙasar Ibo, da yadda wasu suka tashi daga saye da sayarwa zuwa kafa masana'antu. Tambayar da ya kamata mai karatu ya riƙe ita ce: me ya sa wani gida ke ɗorewa bayan rasuwar mai shi, wani kuma ya watse da rabon gado?

Amsar wani ɓangare na wannan tambaya tana cikin littattafan da ke zaurukan malamanmu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani tana da babi a kan ciniki, inda aka yi bayanin kuɗin ruwa da garari da ƙiradi da tarayya a jari, tana kuma da babi a kan gado, ga shi akwai fassararta da Hausa. Mutane da yawa sukan karanta babukan ibada su tsaya, alhali rigingimun kasuwa suna cikin babukan gaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen neman abin kai. Ibn Khaldun kuwa, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi bayanin yadda yawan haraji ke karya zuciyar masu sana'a har kuɗin shigar hukuma su ragu. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da ke zama da hukuma a kan yawan rasit za su sami hujja a nan.

Ko shakka babu akwai cikas, domin yawancin littattafan nan da Ingilishi suke, wasu kuma sun yi wuyar samu. Sai dai littafin Barth yana kan intanet kyauta, kuma Yola gari ne mai manyan makarantu, ciki har da Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, inda ya dace a fara cigiyar sauran. Attajirin da ya biya wa ɗansa kuɗin jami'a yana da haƙƙin ya sa shi ya karanta masa babi ɗaya kowane mako, ya fassara masa, su tattauna. Ta haka uban zai sami abin da ke cikin littafi, ɗan kuma ya sami abin da ke cikin kan ubansa.

Daɗin daɗawa, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Jimeta suna iya ware wani abu daga kuɗin da suke tarawa su tanadi waɗannan littattafai a ofisoshinsu, su kuma ɗauki nauyin fassara ko da guda biyu zuwa Hausa da Fulfulde. Kuɗin da wannan zai ci bai kai asarar da mutum ɗaya kan yi ba idan canjin kuɗi ya juya masa da kaya a hanya.