Tawadar Allo Ta Isa Koyon Zane A Makarantun Rogo

Duk wanda ya shiga makarantar allo a ƙasar Rogo, maƙwabciyar Ƙaraye a yammacin Jihar Kano, zai tarar da 'yar kwalbar tawada kusa da almajirai. Da garin gawayi ko baƙin gindin tukunya ake haɗa ta, a sa ƙaro domin ta kama allo, sannan a dama da ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da irin wannan tawada wasu manyan masu zane na duniya suka yi suna.

A ƙasar Sin, tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, masu zane irin su Wang Wei suke fitar da surar duwatsu da itatuwa da tawada baƙa zalla. Tasu da baƙin hayaƙin itace ake yi, a haɗa da danƙon fatar dabba. Daga can fasahar ta ƙetara Japan, inda Sesshu, wanda ya rasu a 1506, ya shahara da ita.

Hanyar aikin ba ta da tsada. Ɗalibi zai sami ƙoƙo uku: na farko tawada mai kauri, na biyu a sirka ta da ruwa kaɗan, na uku kuma a tsinka ta sosai. Sai ya ajiye abin da zai zana a gabansa, ko ganyen ɗorawa, ko ɗan kuka, ko zangarniyar dawa, ya lura da gefen da haske ke faɗowa. Da tsinkakkiyar zai fara, ya jira ta bushe, sannan ya bi wuraren inuwa da ta biyu. Mai kaurin ita ce ta ƙarshe, domin jijiyoyin ganye da lungunan da suka fi duhu. Inda haske ya fi yawa kuwa, farin takarda ake bari. Idan babu buroshi, asawaki da aka tauna bakinsa ya yi laushi zai wadatar. Sai dai fa tawada ba ta gogewa a takarda, saboda haka tilas ido ya riga hannu aiki.

Wannan horon ido shi ne babbar ribar. Ɗalibin da ya ƙirga jijiyoyin ganye kafin ya zana shi ba zai sha wahala ba ranar jarrabawar kimiyyar halittu ta WAEC ko NECO, inda ake ajiye masa tsiro ko iri a ce ya zana. Haka kuma malamin gona da ma'aikacin lafiya duk da lura suke cin abinci.

Bugu da ƙari, komawa ga kayan gida ba sabon abu ba ne. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ciki har da Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya da nufin haɗa fasahar gargajiya da ilmin zamani. Mu ma muna da gadon zayyanar allon sauka.

Ya rage ga shugabannin makarantu da jami'an ilmi kada su jingine darasin zane da hujjar rashin fentin kanti. Gawayi da ƙaro suna kasuwar Rogo, ganye kuwa yana bakin aji.