Yadda Don Bosco Ya Raini Yaran Titin Turin

A shekarar 1841 Turin ce babban birnin masarautar Sardiniya, domin a lokacin ba a riga an haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya ba. Gari ne mai bunƙasa, ko'ina gini ake yi, ga masana'antu suna tsirowa a bakin kogin Dora. Inda aka ji ƙamshin aiki kuwa, 'yan cirani ba sa jiran gayyata. Yara maza suka riƙa gangarowa daga ƙauyukan kan duwatsu, masu miƙa wa birkiloli bulo da kwaɓi, da masu sharar bututun hayaƙi, da masu tallan ashana. Wanda ya samu aiki ya ci. Wanda bai samu ba ya kwana da yunwa a rakuɓe, ko ya zura hannu a aljihun wani.

A watan Yuni na shekarar aka naɗa wani ɗan manoma, Giovanni Bosco, limamin cocin Katolika, wato fada. Shi ne duniya ta sani da Don Bosco. An haife shi a 1815 a ƙauyen Becchi, mahaifinsa ya rasu tun bai cika shekara 2 ba, ya yi ƙodago a gonar wasu, ya taɓa ɗinki da ƙira don ya riƙe kansa yana karatu. Maraici da yunwa ba labarinsu aka ba shi ba. Amma wanda ya ɗora shi kan hanya malaminsa ne, Fada Giuseppe Cafasso, da ya riƙa jan sa zuwa gidajen yarin birnin.

A can ya tarar da samari 'yan shekara 12 zuwa 18, lafiyayyu masu kaifin ƙwaƙwalwa, zaune ba aikin fari ba na baƙi, ƙwarƙwata na cin su. Ya kuma lura da abin da masu gadi suka daɗe da sani ba su damu ba: yaron da aka sallama yana rantsuwar ya tuba, kafin a jima sai ga shi an dawo da shi. Don Bosco bai ɗauki rantsuwar ƙarya ba. Abin da ya fahimta shi ne yaron yana fita ne zuwa inda babu mai jiran sa, babu wanda zai tambaye shi inda ya kwana. Daga nan ya yanke cewa aikinsa a wajen kurkuku yake, tun kafin yaro ya shiga.

Farkon aikin ƙarami ne ƙwarai. Ranar 8 ga Disamba 1841, yana shirin sujada a cocin San Francesco d'Assisi, sai ya ji mai kula da kayan coci yana fatattakar wani yaro da duka saboda bai iya hidimar bagadi ba. Ya sa aka kira yaron, ya ce abokinsa ne. Sunansa Bartolomeo Garelli, ɗan shekara 16, maraya daga Asti, yaron birkila, bai iya karatu ba, yana kuma jin kunyar zama ajin koyon addini da ƙananan yara. Fadan ya tambayi sunansa da garinsu da sana'arsa, suka yi gajeriyar addu'a, ya ce ya dawo ranar Lahadi da abokansa. A duba abin da aka fara da shi. Ba wa'azi ba ne, ba kuma abinci ba. Wani babba ne ya san sunan yaron, ya kuma ba shi ranar da ake sa ran ganin sa.

Taron Lahadin nan shi aka kira Oratoriyo. Ana sujada, ana koyar da addini kaɗan, sauran yinin kuwa wasa ne da waƙa da yawo bayan gari. Tun yana yaro Don Bosco ya koyi tafiya kan igiya da dabo irin na 'yan wasan kasuwa, kuma bai ga ƙasƙanci ba a fada ya yi tsere da yara. A tsakiyar mako sai ya bi su wuraren aikinsu, ya gaisa da iyayen gidansu. Wannan zagaye ya fi yadda ake zato amfani, domin ubangidan da ya san akwai mai zuwa duba yaro yakan yi tunani kafin ya ɗaga hannu.

Da yaran suka kai ɗaruruwa sai wuri ya zama matsala. Daga 1844 zuwa 1846 korar su aka riƙa yi. Sun zauna a harabar gidan marasa galihu na wata attajira, Giulia di Barolo, sun koma cocin wata makabarta, sun je wajen injinan niƙa na bakin Dora, sun kama hayar ɗakuna, sun ƙare a wani fili, shi ma masu shi suka ce yaran sun tattake ciyawa har saiwa. Maƙwabta suna kukan hayaniya. Mai kula da tsaron birnin, Michele di Cavour, yana ganin taron 'yan iskan gari ne da zai iya zama tarzoma, har ya tura 'yan sanda su sa ido. Attajirar da ke biyan Don Bosco albashi ta ce ya zaɓa, ko aikinta ko yaransa. Ya zaɓi yaran, ya rasa albashin. Ranar Ista, 12 ga Afrilu 1846, suka tare a wata rumfa da ya kama haya a gidan wani mai suna Pinardi a unguwar Valdocco. Rufinta gajere ne, sai da aka haƙe ƙasa kafin babba ya miƙe tsaye sosai. Amma daga ranar ba su ƙara tashi ba, kuma ga yaron da ya saba da kora, wurin da zai zo ya tarar yana nan kamar yadda ya bar shi ba ƙaramin abu ba ne.

Ana yawan maganar juriyar yaran, a manta da ta masu rainon su. A daminar Turai ta 1846 ciwon huhu ya kwantar da Don Bosco har aka fid da rai. Da ya warke ya koma Valdocco a watan Nuwamba, bai dawo shi kaɗai ba, ya taho da mahaifiyarsa Margherita, tsohuwar da ba ta yi karatu ba, ta bar gonarta da jikokinta. Samarin farko da ya bai wa makwanci a rumbun ciyawa, kafin gari ya waye sun gudu da barguna. Duk da haka a watan Mayu na 1847, da wani maraya daga kwarin Valsesia ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin ruwan sama, tsohuwar ta shimfiɗa masa a kusa da murhu, ta yi masa 'yar nasiha kafin ya kwanta. Daga nan aka samo al'adar da gidajen Don Bosco ke bi har yau, ta 'yan kalmomi kaɗan da babba ke faɗa wa yara kafin barci. Margherita ta yi shekara 10 tana girki da wanki da ɗinkin tsummokara. Wata rana yaran suna wasan yaƙi suka tattake mata lambu, ta ce ta gaji, gida za ta koma. Ɗan bai yi musu da ita ba, ya nuna mata gicciyen da ke rataye a bango. Ta zauna, a nan ta rasu a 1856.

Bayan makwanci sai sana'a, kuma a nan ne na fi ganin hikimar mutumin. Bai tsaya ga roƙon masu shaguna su ji tsoron Allah ba, takarda ya sa aka rubuta. Akwai yarjejeniyar da ke ajiye har yau, mai kwanan wata 8 ga Fabrairu 1852, tsakanin wani kafinta, Giuseppe Bertolino, da yaro mai koyo, Giuseppe Odasso. Kafintan ya ɗauki alkawarin koya wa yaron sana'ar cikin shekara 2, ba zai sa shi aikin da ba na kafinta ba ko wanda ya fi ƙarfinsa, zai yi masa gyara da baki ba da duka ba, zai bar shi ya huta ranakun ibada, ladansa kuma zai riƙa ƙaruwa lokaci bayan lokaci. Yaron shi ma ya yi alkawarin biyayya da himma. Maigidan ya sa hannu, yaron ya sa, mahaifinsa ya sa, Don Bosco ya sa. Duk wanda ya san yadda yaron shago kan shekara biyar a garejinmu yana wankin mota da aiken gidan oga, bai taɓa kwance inji ba, zai gane darajar wannan takarda.

Da ya ga shagunan waje ba duka ake iya amincewa da su ba, sai ya buɗe nasa a cikin gida. A 1853 aka fara da gyaran takalma da ɗinki, shi da kansa ya zauna ya nuna wa na farko yadda ake riƙe basilla. Ɗaurin littattafai ya biyo baya, sai kafinta, sai maɗaba'a da maƙera a farkon shekarun 1860. Da daddare kuma akwai ajin yaƙi da jahilci da lissafi da kiɗa.

To, ina bangaskiya a cikin duk wannan? Wasu masu yabon Don Bosco a yau sukan so su ɗauki wasan da sana'ar su ajiye addinin gefe. Shi da zai ji su, da bai gane aikinsa ba. A wurinsa kowane yaro rai ne da Yesu Almasihu ya mutu dominsa, shi kuwa bawan makiyayi ne da aka aika neman tunkiyar da ta ɓata. Wannan ne ya hana shi fid da rai ga yaron da ya sace masa bargo. Yadda bangaskiyar ke aiki a zuciyar yaro kuwa, labarin Michele Magone ya nuna. A 1857 Don Bosco ya gamu da shi a tashar jirgin ƙasa ta Carmagnola, ɗan shekara 13, maraya, shugaban wani gungun yara. Ya kawo shi Valdocco. Da farko filin wasa kawai ya sani. Bayan 'yan makonni sai walwalarsa ta ɗauke, ya koma gefe yana kuka, domin abubuwan da ya aikata a baya sun tsaya masa a rai. Ba wanda ya matsa masa. Da ya shirya ya je ya furta zunubansa, aka shaida masa an gafarta, ya tashi da sauƙin zuciya. Yaron da ya ɗauka shi ɓatacce ne ya samu hanyar raba kansa da laifinsa, kuma wanda bai samu wannan ba, da wuya ya jure faɗuwa ta biyu. Ibadar ma ba mai ƙunci ba ce. Da Domenico Savio, wani yaro mai tsananin son ibada, ya fara azabtar da jikinsa, Don Bosco hana shi ya yi, ya ce ya riƙe fara'a, ya yi aikinsa, ya taimaki 'yan'uwansa.

Sai a 1877 ya rubuta tsarinsa na tarbiyya a 'yan shafuka. Ya ce tarbiyya iri biyu ce. Akwai wadda za a kafa doka a koma gefe, a jira mai karyawa a hukunta shi. Akwai kuma ta rigakafi, wadda babba ke zama cikin yara har damar ɓarna ta yi ƙaranci. Ya ɗora tasa kan hankali da addini da ƙauna: a faɗa wa yaro dalilin doka, a sa shi ya san Allah na ganin sa kuma yana son sa, a nuna masa ƙaunar yadda shi da kansa zai gane ta. Ya hana duka da wulaƙanci a bainar jama'a. Ƙungiyar da ya kafa ma, wato Salesiyawa, sunan Francis na Sales ya ba ta, wani bishop da ya shahara da taushin hali.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi wuyar kwaikwayo. A 1854 annobar kwalara ta faɗa wa Turin, unguwannin da ke kewaye da Valdocco suka fi shan wuya, har masu jinya suka yi ƙaranci saboda tsoro. Don Bosco ya nemi masu sa kai cikin manyan yaransa. Su 14 suka fara fitowa, wasu suka biyo baya. Suka shiga gidaje suna ɗaukar marasa lafiya, suna wanke hannu da ruwan kal kamar yadda ya umarce su, Margherita kuma ta rabar da zannuwan gidan har da ƙyallen bagadi. A yau ba za a yarda a tura yara cikin annoba ba, kuma daidai ne. Amma a duba abin da ya faru da su. Yaran da gari ke kira ɓarayi sun wayi gari su ake buƙata. Da aka kafa ƙungiyar Salesiyawa ranar 18 ga Disamba 1859, kusan duk waɗanda suka shiga samarin gidan ne. Ɗaya daga cikinsu, Giovanni Cagliero, shi ya jagoranci tawagar farko zuwa Ajantina a 1875. Ɓangaren 'yan mata ya tsaya a 1872 tare da Maria Mazzarello. Yau suna aiki a ƙasashe fiye da 130. Sun iso Najeriya a 1982, suka fara da Akure da Ondo, a Gana kuma suna da makarantar koyon sana'a a Ashaiman.

Tsarin yana da rauninsa. Zama cikin yara dare da rana yana iya rikiɗa ya zama gadi, kuma kusancin babba da yaro, in babu ido na uku, ƙofa ce ga mugu. Cin zarafin yara da aka bankaɗo a cibiyoyin Katolika na ƙasashe da dama a zamaninmu bai tsallake wasu gidajen Salesiyawa ba, shi ya sa dokokin kare yara suka zama wajibi ga kowane irin wannan aiki. Ɗaya raunin kuwa tun yana raye ya gan shi. A watan Mayu na 1884, yana Roma tsoho mai fama da ciwo, ya aika wasiƙa Valdocco yana kukan cewa gidan ya girma amma ya yi sanyi. Malamai sun koma shugabanni da ake tsoro, suna yawo can gefe suna hira da junansu, yara kuma sun ja baya. Maganin da ya ba su shi ne su koma filin wasa, su so abin da yaran ke so. Ya rasu ranar 31 ga Janairu 1888. Wanda ya gaje shi Michele Rua ne, maraya ɗan Turin da ya fara bin sa tun yana ɗan shekara 8, kuma ya riƙe ƙungiyar har 1910.